Dogo da Rigar Ƙyalli

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a babban titin da ya bi ta bayan unguwarmu ya san Dogo, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Shi ne dattijon nan da ake gani a gefen kwalta bisa baƙin doki, yana jan wani dokin da igiya ta ɓangaren da motoci ba sa bi. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma abin da ban gani da idona ba cikin wannan labari, daga bakinsa na ji shi ko daga bakin iyalinsa.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da dawaki a barga ɗaya. Bargar tana bayan wani wurin sayar da katako, filin da ake kai dawakin kilisa kuwa yana can gaba da gada, tafiyar minti ashirin idan doki yana takawa a natse. Babu wata hanya tsakanin wuraren biyu sai titin. Sa'ad da Dogo ya kama aiki, hanyar ƙasa ce, in motoci uku suka wuce kafin hantsi sai a ce yau an yi zirga-zirga. Daga baya aka zuba kwalta, aka faɗaɗa ta, aka gina gidan mai da jerin shaguna, manyan motoci kuma suka gano cewa ta nan ya fi sauri. Barga da fili suna nan inda suke, dawaki kuwa ba su daina bukatar motsa jiki ba. Dole a fita da su tun gari bai gama wayewa ba, kafin rana ta yi zafi, kafin kuma masu zuwa koyon hawa su iso.

Dawaki takwas ne a bargar, biyu-biyu ake kai su. Dogo ya kai huɗu, abokin aikinsa ya kai huɗu. Abokin aikin magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ana kiransa Kurma. Kunnensa lafiya lau yake, sai dai yakan yini bai furta kalma goma ba. Dogo yakan ce abin da ya sa suka daɗe tare ke nan: shi ya yi faɗa, Kurma ya yi shiru, doki ya yi haniniya, an tashi taro.

Dogo mutum ne mai tsari. Ba ya ɗora sirdi sai ya ɗaga ƙafafun doki huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwaƙule kofato, sannan ya bi bayan dabbar da tafin hannu ya ji ko akwai kumburi. Shekaru sun ɗan tanƙwara ƙafafunsa, ƙugunsa yakan riƙe in hadari ya haɗu, kuma tun da na san shi fuskarsa ta mai bukatar barci ce. Amma da zarar ya sa ƙafa a likkafa ya zauna, sai ya miƙe sambal, ka rantse bai haura arba'in ba. Wannan minti ashirin na zuwa da minti ashirin na dawowa, sau biyu kowace safiya, su ne abin da ya rage masa na daɗi a aikin. Sauran duk kwasar kashi ne da ɗaukar buhun dusa.

Matarsa, wadda unguwa duka ke kira Inna, ta yi suna a kan wanki da guga. Ko tsumman goge takalmi ba ya fita daga hannunta a yamutse. Kowace yamma takan shimfiɗa tsohon bargo a kan teburin tsakar gida, ta jona dutsen guga, ta bi kayan mijinta har safa. Shi ya sha ce mata ta hutar da kanta, wanda zai shiga cikin dawaki ba ya bukatar karin guga a wando.

Ita kuwa takan ce, "Malam, ka kwana cikin kashin doki in ka ga dama, wannan tsakaninka da su ne. Amma daga ƙofata a goge za ka fita. Ba za a ce tsohon nan ba shi da kowa a gida ba."

Da mai bargar na asali ya rasu, sai ɗansa ya gaje shi. Dogo ne ya fara ɗora wannan ɗa a kan doki tun yana shekara shida, don haka ko da ya girma ya zama maigida, Baba yake ce masa. A watansa na farko ya zo da kwali cike da riguna marasa hannu, masu kama da falmaran, launin ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, kowace da layuka masu ruwan toka a ƙirji da baya da kafaɗu. Ya ce daga yau duk mai fita titi da doki zai sa ɗaya.

Dogo ya ɗaga tasa da yatsa biyu ya dube ta, ya ce, "Ranka ya daɗe, doki fa ba kaza ba ne. Wanda bai ga doki a hanya ba, wace riga zai gani?"

Mai barga ya yi masa bayani da haƙuri. Ya ce kwalta baƙa ce, Gawayi, dokin da Dogo ya fi hawa, baƙi ne, rigar sanyin da yake sawa kuma toka-toka ce, ga shi ana fita kafin rana ta fito. Ya ce launin rigar na rana ne, layukan nan kuwa su ne ke mayar wa direba da hasken fitilarsa tun yana nesa, ya sami damar rage gudu a hankali, ya kauce, ba sai ya iso ya taka birki da ƙarfi doki ya firgita ba. Dogo ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ya rataye rigar a ƙusa bayan ƙofar ɗakin sirdi. Shekara biyu tana nan. In mai barga yana kusa ya sa ta, in ya sha kwana ya cusa ta a aljihu.

Ciwon haƙori ne ya sauya masa ra'ayi. Wata safiya kumatunsa ya kumbura har ido ya rufe, sai 'yarsa ta ƙarshe, Auta, wadda ke aikin jinya kuma tana da 'yar ƙaramar mota, ta ce za ta wuce da shi asibiti. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya zauna a gaban mota a kan wannan titi a wannan lokaci. Ana yayyafi, abin share gilashi yana kai da komo, fitilun motocin da ke tahowa suna dukan ido. Yana riƙe da kumatu yana kallon gaba, sai kawai ya ga gindin doki a gefen tagarsa, har sun gota. Kurma ne da dawaki biyu, shi ma babu riga. Dogo ya san kowane doki na bargar daga takunsa, ya san kuma a daidai nan za su same su, amma duk da haka bai gan su ba sai da suka yi kafaɗa da kafaɗa.

Ya tambayi 'yarsa, "Ke kin gan su?"

Ta ce, "Baba, ai kullum sai na zo dab nake ganinku. Na haddace inda kuke ne kawai. Na faɗa maka ya fi sau goma, ka ce idona ne."

Suka isa asibiti aka cire haƙorin. Washegari ya sauko da rigar daga ƙusa ya kakkaɓe, kuma daga ranar ya zama shi ne mai tsare ƙofa. Ba Kurma ba, ba masu koyon hawa ba, ko mai bargar kansa bai isa ya fita titi babu riga ba. Ya yi faɗa da wani likitan dabbobi a kan haka har suka yi wata guda ba sa gaisawa.

Da yake rigar ta zama ta kullum, sai ya fara komawa gida da ita, ta shiga hannun Inna. Daren farko ta ga wani ɗan farin ƙyalle mai ƙananan rubutu a bayan wuyan, ta ce wannan zai riƙa sosa masa fata, ta sa almakashi ta yanke. Daga nan rigar ta bi sahun sauran kayansa. A jiƙa ta da ruwan zafi da garin sabulu, a dirje ta da buroshi, musamman layukan nan da ƙura ke maƙalewa a gefensu, a shanya, a bi ta da dutsen guga mai zafi ciki da waje. Cikin rigunan barga duka babu mai tsabtar tasa. Da rana tana haske tun daga nesa, har masu shaguna suna yi masa ba'a, suna cewa ga mai ba da hannu ya hau doki. Shekara huɗu aka yi haka.

Ranar da abin ya faru, hadari ne ya rufe gabas, ana ɗan yayyafi, gari ya ƙi wayewa. Dogo yana kan Gawayi, yana jan wata goɗiya, saura kaɗan su kai gada. Motar raba burodi ta taho daga bayansu. Direban ya taka birki a makare, motar ta ja, madubin gefenta ya bugi gwiwar hannun Dogo, Gawayi ya zabura ya faɗa kwata da ƙafafun gaba, mahayinsa ya sauka a kan kafaɗa. Allah ya taƙaita. Kafaɗar ta goce, ƙashin da ke sama da ƙirji ya tsage, dokin ya ɗaye gwiwa, goɗiyar kuma ta tsaya cik tana rawar jiki. Mutanen gidan mai suka rugo, suka tuɓe masa rigar ƙyallin da rigar sanyi don su duba raunin, wani ya dunƙule su ya tura ƙarƙashin kansa. Ko da mai barga ya iso, Dogo yana kwance da singileti, direban burodi yana tsaye hannu biyu a ka yana maimaita magana ɗaya: wallahi bai gan shi ba.

Bayan mako guda mai barga ya zo dubiya gida. Aka shigar da shi ɗaki, ya zauna a bakin kujera, ya tambayi jiki, ya ba da labarin gwiwar Gawayi, ya yi ta kewaye-kewaye. Can ya ce, "Baba, in ka warke, ina ganin ka zauna a cikin barga. Kurma zai riƙa yin sawu huɗu."

"Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Sai dai na yi ta tunani. Mutum sanye da rigar nan, fitila ta haske shi, ba zai yiwu a ce ba a gan shi ba. Na san direban nan, ba mai ganganci ba ne. Ko dai ka ɗora rigar sanyi a kanta saboda ruwa, ko ka manta ta a aljihu, ko gyangyaɗi ya ɗauke ka ka shiga tsakiyar hanya. Kowanne ne, ba abin kunya ba ne a shekarunka."

Dogo ya ce, "Rigar tana jikina, a sama, a ɗaure. Kuma kofaton Gawayi bai taɓa farin layi ba."

"To, Baba."

Wannan "to" ɗin ita ta fi kafaɗar yi masa ciwo. Shi ya koya wa wannan mutum yadda ake riƙe linzami, yau ga shi yana amsa masa irin amsar da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Da baƙon ya tafi, Dogo ya juya fuska bango. Inna ta kawo abinci ta mayar, ta sake kawowa ta sake mayarwa.

Ta ce, "Malam, in ma sun hana ka titin, ai hutu ne. Shekara nawa kana fita cikin sanyi?"

"Hutu ake ce wa shebur da baro? Ki bar ni, don Allah. In na yarda na zauna, na yarda ke nan na yi ƙarya."

Mako biyar ya yi a ɗakin nan, hannu a rataye a wuya. Jikinsa bai san an dakatar da shi ba, kullum yana farkawa a lokacin da ya saba, ya zauna a bakin gado cikin duhu-duhu yana sauraron titi. Daga ɗakinsa ana iya jin takun kofato a kan kwalta in iska ta juyo. Yakan ƙirga sawun Kurma, ya ce yau ya makara, ko ya ce yana saurin da bai kamata ba. Inna kuwa ta wanke rigar ƙyallin daga taɓon kwata, ta goge, ta ninke, ta ajiye a kan akwati inda zai riƙa ganinta.

A mako na huɗu direban burodin ya zo. Mutum ne mai ƙiba, mai yawan gumi, ya shigo da ledar burodi a hannu yana ta sunkuyar da kai. Ya durƙusa ya gaida Dogo, ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba. Auta tana gida ran nan, tana tsaye a bakin ƙofa.

Dogo ya ce, "Tashi ka zauna. Ban riƙe ka ba. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Waya kake dannawa?"

"Baba, wayata tana aljihun wando, ko fito da ita sai na tsaya, ka ga dai jikin nawa. Idona yana kan hanya. Shekara tara ina bin titin nan. Masu gyaran hanya, masu shara, tun daga gidan mai nake hango su, rigarsu tana kamawa kamar an kunna musu wuta a ƙirji. Abokin aikinka ma, mara maganar nan, ina hango shi. Kai kuwa, Baba, ka yi haƙuri, na daɗe ban ga ka kama ba. In gari ya yi haske ina ganinka tas. In da duhu, sai dai in ce a raina, a nan tsohon nan yake, in rage gudu. Ran nan ruwa ya ruɗe ni, na zaci kun riga kun haye gada."

"Kana nufin ba na sa riga?"

"Ni dai abin da idona ya gani na faɗa."

Dogo ya nuna kan akwati da haɓa. "Ga ta can. Akwai mai tsabtarta a garin nan?"

Direban ya dubi rigar, ya ce lallai babu, ya yi sallama ya tafi yana share wuya. Auta ta ɗauki rigar ta juya ta a hannu, ta shafa layukan da babban yatsa. Sun yi sumul, sun yi laushi kamar tsohon ƙyalle.

Washegari, kafin ta tafi aiki, gari bai waye ba, ta ce mahaifinta ya fito ƙofar gida. A but ɗin motarta akwai irin rigar, wadda take ajiyewa saboda ko mota za ta lalace mata a hanya, ba ta taɓa sa ta ba. Ta rataye rigunan biyu a ƙofar gidana, da izinina, ɗaya a kowane ɓangare. Ta zaunar da shi a kujerar direba, ta tura kujerar baya saboda ƙafafunsa, motar tana can ƙarshen layi, ta ce ya kunna fitila. Inna ta fito da mayafi tana tambayar wane irin wasa ne wannan da sassafe.

Ya kunna. Rigar Auta ta kama nan take, layukanta fari fat kamar an zana su da wuta. A ɗaya ɓangaren babu komai sai wani abu dishi-dishi da za a iya ɗauka buhu ne aka shanya.

Dogo ya kashe fitilar, ya sake kunnawa. Ya yi haka sau uku.

Auta ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, a jikin layukan nan akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kamar garin gilashi, su ne ke mayar da haske. A wuyan tawa an rubuta kada a sa mata guga, kada a dirje ta, kada a wanke da ruwan zafi, kuma bayan wanki kaza a sake wata. Taku babu rubutun."

Inna tana tsaye kusa, ta ji komai. Ta ce a hankali, "Ni na yanke shi."

Ta taka har ƙofar, ta sauke rigar mijinta, ta riƙe ta da hannu biyu tana kallo. Ta ce, "Shekara huɗu. Kullum sai na danna dutsen a kan layukan nan, don su suka fi tattarewa. Ashe da hannuna nake tura ka gaban mota."

Dogo ya fito daga motar da ƙyar, yana dafe da kafaɗa. Ya ce, "Ke, rufe mana baki. Wa ya kawo miki ita? Ni da na iya karatu ban duba ba, sai ke? In laifi ne, na tsabta ne, kuma ni na fi kowa yin taƙama da ita. Shiga ciki, sanyi zai kama ki."

Ta shiga. Yinin ranar ba a ji motsin wanki a gidan ba, kuma da yamma teburin tsakar gida ya kwana babu bargo.

Da aka kwance masa hannu, ya ɗauki rigunan biyu a leda ya tafi barga. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce wa mai barga ya zo ɗakin ajiyar dusa, wanda ba shi da taga, ya zo da tocila, a kuma kwaso duk rigunan da ke bargar. Aka jera su a kan igiya, aka rufe ƙofa. Mai barga ya ɗora tocilar a gefen idonsa yadda Dogo ya ce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk suka kama, wasu sosai, wasu kaɗan. Ta Dogo ce kaɗai ta yi shiru. Wadda ta fi kowace haske kuwa ita ce ta Kurma, wadda ta yi baƙi da dauɗa har ba a gane launinta.

Dogo ya ce, "Ka gani ko? Wannan tun da aka saye ta ba ta san ruwa ba sai na sama. Ƙazanta ta yi masa rana."

Kurma ya ce, "Uhm."

Mai barga bai yi dariya ba. Ya kashe tocilar, ya buɗe ƙofa. Ya ce, "Baba, na zalunce ka. Ka faɗa mini gaskiya na ƙi ji. Ka yafe mini. Titi naka ne, ranar da ka ga jikinka ya yi ƙwari ka koma." A makon ya sayo sababbin riguna, da ɗamara mai ƙyalli ta ƙafafun dawaki, ya kuma kafa doka cewa kowane farkon wata a shiga ɗakin dusa da tocila a gwada su.

Ranar Litinin Dogo ya koma. Ya ɗaga kofato huɗu, ya shafa bayan Gawayi, ya duba tabon gwiwar, ya ɗaura sirdi, ya sa sabuwar riga wadda ya gwada da kansa sau biyu. Na gan shi ya wuce, kuma daga nesa babu abin da ya sauya.

Amma shi ya san akwai. Da can in ya ji ƙarar mota a bayansa, ba ya ko motsa kai, don ya tabbata an gan shi. Yanzu kowace ƙara sai wuyansa ya juya da kansa. In ya juya, ƙugunsa ya karkace, gwiwoyinsa su matse, hannunsa ya ɗan ja linzami ba da niyya ba. Doki kuwa da gwiwar mahayinsa yake sanin ko akwai abin tsoro. Gawayi, wanda tirela ke wucewa ta gefensa ko kunne bai kaɗa ba, ya fara taka rawa a gefen kwalta, yana jefa gindi waje, goɗiyar da ake ja ita ma ta ɗauka. Dogo ya yi wa kansa faɗa, ya ce gobe zai daina waiwaye. Gobe ta zo ya waiwaya. Yakan dawo daga sawu na biyu jiƙe da gumi cikin sanyin safiya, kafaɗa tana zogi, ya zauna a kan bokitin da aka kife ya daɗe bai tashi ba.

A rana ta tara, suna dab da gada, wata babbar mota ta taho daga baya. Direbanta ya hango su tun daga nesa, ya rage gudu, ya ba su fili sosai, ya wuce a hankali har yana ɗaga hannu. Babu abin da ya yi ba daidai ba. Duk da haka Dogo ya ga ya riga ya ja linzami har bakin Gawayi ya buɗe, dokin ya ja da baya, ƙafarsa ɗaya ta hau kwalta. Da wata motar tana biye, da an sake kwatawa.

Ya tsaya har numfashinsa ya daidaita. Sannan ya zare ƙafa daga likkafa ya sauka, ya riƙe dawakin biyu a hannu ɗaya, ya juya da su. Da ƙafa ya koma barga, yana tafe tsakaninsu da motoci, tafiyar da ta ɗauke shi kusan minti arba'in. Masu shaguna suna buɗe ƙofofinsu, suna kallonsa, babu wanda ya yi ba'a.

Mai barga yana tsakar gida yana duba buhunan da aka sauke. Ya ga dawaki babu gumi, ya ga Dogo a ƙasa, ya taho da sauri yana tambayar ko wani abu ya faru.

Dogo ya ce, "Babu abin da ya faru. Rigar tana aiki, direbobi suna ganina. Ni ne na kasa yarda. Shekara huɗu ina tafiya a titin nan hankalina kwance, ina zaton ana ganina, ashe haddace ni aka yi. Yanzu ko fitila ka ɗaura mini a ka sai na waiwaya, kuma dokin nan yana ji a jikinsa. Zan lalata maka shi, ko in ja wa wani direban abin da ba zai manta ba."

"Baba, ka ƙara mako guda. Jiki ne, zai saba."

"Na san jikin nan kafin a haife ka. Da ka ce in sauka na ƙi, don ba a kan gaskiya ba ne. Yau ni na ce." Ya miƙa wa Kurma linzamin Gawayi da igiyar goɗiya. "Kai, ba su yi kilisa ba, ka mayar da su. Ka sassauta masa baki, na ja shi da yawa. Kuma kada ka kai wa matarka rigar nan taka."

Kurma ya karɓa, ya dube shi. Ya hau, suka fita.

Dogo ya kwance rigar ƙyallin ya miƙa wa mai barga. Ya tsaya yana murza kafaɗarsa da hannu ɗaya har takun kofato ya ɓace cikin ƙarar motoci. Sannan ya tambaya ko an gyara tayar baron nan da ke karkata, aka ce ba a gyara ba. Ya ce to, a haka ma zai tura, ya nufi turken farko.